Gyaran Kurakuran Allon Siminti Kafin a Manna Tayil a Wurin Wanka

Allon siminti ba ya ruɓewa, ba ya kumbura, gara ba ta cin sa, amma kuma ba ya hana ruwa wucewa. Halinsa irin na randar ƙasa ne: ta shekara cike da ruwa ba za ta narke ba, amma in ka shafa bayanta sai ka ji laima. Tayil ɗin da za a manna a kansa ma bai isa kariya ba, domin abin da ake cike tsakanin tayil da tayil yana shan ruwa, kuma yau da gobe yana yin ƙananan tsage da ido ba ya gani. Ruwan da ya bi ta nan zai ratsa gam ɗin tayil, ya ratsa allon, ya isa katako ko ƙarfen da ke baya. Allon zai tsira lafiya lau, abin da ke ɗauke da shi ne zai lalace. Shi ya sa yawancin abin da ake kira matsalar allo, in ka duba da kyau, ko dai laifin ginshiƙan da ke bayansa ne, ko kuma rashin abin tare ruwa a gabansa.

Wannan salon gini daga Amurka ya fi yaɗuwa, inda ake kafa bangon gida da jerin katakai a rufe da alluna. A da, allon jifsam mai koren takarda suke sawa a wurin wanka, suna ganin yana jure danshi, sai aka yi ta samun bangaye da suka zama taɓo a bayan tayil. Daga 2006 kundin ƙa'idojin ginin gidaje da yawancin jihohinsu ke bi ya daina amincewa da shi a matsayin abin ɗaukar tayil a cikin shawa. Allunan siminti iri biyu ne suka maye gurbinsa. Akwai mai siminti da tsakuwa a tsakiya, an lulluɓe fuskokinsa biyu da ragar zaren gilashi, irin su Durock da WonderBoard. Akwai kuma wanda aka cakuɗa siminti da yashi da zaren itace aka danne, irin HardieBacker, kuma dangin wannan na biyun ne aka fi samu a kasuwannin Najeriya, kamar allunan Kalsi na kamfanin Nigerite da ke Legas.

A wurinmu, mai bangon bulo ba ya bukatar wannan allo ko kaɗan. Ya yi filasta mai kyau, ya shafa abin tare ruwa, ya manna tayil. Inda allon ke shigowa shi ne in za a yanki banɗaki daga cikin ɗaki, musamman a saman bene inda ba a son ɗora nauyin bulo a kan dakin, wato daɓen benen, ko a otal da ɗakunan haya, ko in za a ɓoye bututu a bayan bango. A nan nake ganin kuskure na farko tun a shago: a sayo siririn allon da aka yi don silin a ce za a manna masa tayil. Bangon wanka yana son allo mai kaurin kusan rabin inci, wato milimita 12. Mai rubu'in inci na shimfiɗawa ne a ƙasa, inda akwai abin da ya tallafe shi gaba ɗaya. In an riga an kafa siriri a bango, babu dabarar da za ta gyara shi. A kwance shi kawai.

Fara da danna bangon

Kafin ka duba komai, sa tafin hannunka a tsakiyar allon, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, ka danna da ƙarfi. Ka bi bangon duka haka, har kusurwoyi da gefen ƙasa. In ya motsa, ko ya yi ƙara, tsaya nan. Tayil ba ya lanƙwasa, duk motsin da bango ya yi a jikin layukan tayil zai fito, ya tsaga su, ruwa ya sami ƙofa.

Abin da ke kawo motsi kusan kullum tazarar ginshiƙai ce. Ƙa'idar masu yin allunan ita ce kada tazarar ta wuce inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, kusan santimita 40. Masu raba ofis da allo sun saba da ƙafa biyu, kuma ga bangon da fenti kawai za a yi masa hakan ya wadatar, amma ga bangon da zai ɗauki nauyin tayil bai isa ba. In ginshiƙan na ƙarfe ne, su ma sai masu kauri, aƙalla geji 20, ba irin marasa nauyin nan da hannu ke iya murɗewa ba. Gyaran shi ne a kwance allon a ƙara ginshiƙai. Kada wannan ya ba ka tsoro. Allon da aka ɗaure da sukuru ana kwance shi cikin ɗan lokaci, kuma in an bi a hankali za a iya mayar da shi. In bangon ya buɗe ta ɗaya gefen, wato ta cikin ɗaki ba a rufe ba tukuna, sai a ƙara ginshiƙan ta can ba tare da an taɓa allon ba.

Haka kuma kowane gefen allo dole ya sauka a kan wani abu. Gefen da ke reto a iska, musamman a kusurwa ko inda alluna biyu suka haɗu a kwance, sai an gitta masa katako ko ƙarfe a baya an ɗaure. Tunda an buɗe, a gitta katako mai faɗi a duk inda za a kafa kan shawa, ko ƙofar gilashi, ko ƙarfen da tsoho zai riƙa kamawa. Allon siminti shi kaɗai ba ya riƙe irin wannan nauyi. In katako za a sa, ya zama busasshe kuma an shafa masa maganin gara, domin ɗanyen katako yana murɗewa yayin da yake bushewa, ya ja allon tare da shi.

Bayan motsi sai miƙewa. Ɗauko dogon renji na alminiyum ka ɗora a bangon a tsaye, a kwance, da a gicciye, ka duba hasken da ke shiga ƙarƙashinsa. Ma'aunin da masu tayil na Amurka ke bi shi ne kada karkata ta wuce rubu'in inci a cikin ƙafa 10 ga ƙananan tayil. Ga manya kuwa, waɗanda gefe ɗaya ya kai inci 15 ko fiye, rabin haka ne kawai aka yarda, kusan milimita 3. Tayil ɗin da ake yayi yanzu, 30 da 60 ko 60 da 60, duk cikin manyan suke, don haka ba su da afuwa. In ginshiƙi ɗaya ya turo ciki, a kwance allon a fere ginshiƙin. In ya shige baya, a liƙa masa siraran katako ko a jingina masa sabon miƙaƙƙe a gefensa. Ɗan kwari marar zurfi, wanda bai kai rubu'in inci ba, ana iya cike shi da gam ɗin tayil a ja da renji, a bar shi ya bushe kwana guda.

Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a bar bango a karkace a ce za a daidaita wajen mannawa, a riƙa ɗora dunƙulen gam biyar a bayan kowane tayil ana dannawa. Ido zai ga bango ya miƙe, amma bayan tayil ɗin duk ramuka ne. Ruwa yana taruwa a cikinsu, fumfuna ta yi gida, kuma duk tayil ɗin da aka buga a inda babu gam sai ya fashe.

Sukuru da mahaɗai

Baƙin sukurun da ake ɗaure allon jifsam da shi ba na nan ba ne. Siminti da danshi suna cin sa, ya yi tsatsa, kansa ya tsinke, wani lokaci ma jan tsatsar ya ɓullo ta layin tayil. Akwai wanda aka yi don allon siminti, mai rufin da ke jure tsatsa, kansa da faɗi kuma da ƴan haƙora a ƙarƙashi da ke yi masa mazauni. Tsawonsa daga inci ɗaya da rubu'i zuwa sama. In an riga an yi aiki da baƙin, a ɗaura na kirki kusa da kowane ɗaya, sannan a zare tsohon.

Tazarar sukuru inci 8 ce, kusan santimita 20, a kan kowane ginshiƙi. A bar kamar santimita ɗaya zuwa biyu daga bakin allo, da inci biyu daga kusurwarsa, don kada ya ɓare. Kan sukurun ya kwanta daidai da fuskar allo. Ja cokalin magini a kan bangon, duk inda ya yi karo da ƙarfe to wannan sukurun bai shige ba, a ƙara murɗa shi. Wanda kuma aka tura har ya fasa ragar ya nutse, ya daina riƙe komai. A bar shi a wurin, a ɗaura wani inci ɗaya ko biyu daga gefensa, a cike ramin da gam.

Mahaɗar alluna ta fi sukuru bukatar natsuwa. A bar ɗan tsakani kamar milimita 3 domin gam ya shiga ya ɗinke su, sai dai in takardar kamfanin allon ta faɗi wani abu dabam, to ita za a bi. Kada kusurwoyin alluna huɗu su haɗu wuri guda, a saɓa su yadda ake saɓa bulo. A bakin taga ko alkukin ajiye sabulu, kada mahaɗa ta tashi daga kusurwar, domin nan ne tsaga ta fi son farawa. A yanka allo guda ya zagaye kusurwar.

Ana rufe mahaɗa da raga mai faɗin inci biyu, irin wadda sinadarin siminti ba ya ci. Ragar allon jifsam ta yi kama da ita ƙwarai, amma siminti yana cinye ta a hankali, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin naɗin. A cusa gam a cikin tsakanin, a kwantar da ragar a kai, a shafe da bakin cokali har ta nutse, a baje gefen. Duk kusurwoyin ciki ma haka. Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko a cike mahaɗa da garin fi'ofi ko farin ƙullin da ake shafe allon jifsam da shi. Wannan yana narkewa da ruwa, dole a kankare shi tas a goge da jiƙaƙƙen soso, a sake da gam. Na biyu a lafta gam har mahaɗar ta yi tozo. In ya riga ya bushe, a goge tozon da dutsen wasa ko giranda a hankali, in ragar ta yanke a sake sa wata.

Giranda a kan allon siminti tana tayar da ƙura mai ɗauke da silika, kuma wannan ƙura tana lalata huhu lalacewar da ba ta warkewa. A yi yanka a waje, a jiƙa wurin, a sa takunkumi na gaske. Yawancin yanka ma ba ya bukatar inji: a ja layi da wuƙa mai bakin kabaid, a karya.

Allon da ya tsage ko aka yi wa ɓaraka

Siririyar tsaga a allon da ba ya motsi ana bi da ita kamar mahaɗa, raga da gam. Kusurwar da ta ɓare kaɗan a cike ta. Amma in allon ya karye har yana lilo, ko ya rugurguje a layin sukuru, a yanke wurin murabba'i daga tsakiyar ginshiƙi zuwa tsakiyar ginshiƙi, a gitta katako sama da ƙasa, a sa sabon yanki, a rufe gefe huɗun da raga.

Ramin bututu ma haka yake. Filamba ya fasa da guduma, rami ya fi hular famfo faɗi, sai a ce tayil zai rufe. Tayil ɗin da ya tsaya a kan iska a daidai inda ruwa ya fi zuba ba rufi ba ne. In ratar ƴar kaɗan ce, raga da gam sun isa. In ta kai faɗin yatsu biyu, a sauya yankin. Zagayen bututun kuma a toshe shi da silikon, ko da zoben roba da ake yi don haka.

Gindin bango

A nan aka fi yin asara. Allon siminti yana jan ruwa sama in gindinsa yana zaune a ciki, don haka ba a sauke shi har ƙasa. In akwai kwamin wanka ko farantin shawa na kanti, a bar tsakani kamar rubu'in inci, milimita 6, a cike da silikon. Irin waɗannan kwamaye suna da leɓe da ke hawa jikin ginshiƙai, kuma in aka ɗora allo a kan leɓen aka ɗaure sai gindin bangon ya turo waje, layin tayil na ƙasa ya karkace. Mafita biyu ce: ko a liƙa siraran katako a fuskar ginshiƙan duka don allon ya sauko miƙe ya wuce gaban leɓen, ko a tsayar da allon dab da saman leɓen a rufe tsakanin da abin tare ruwa, tayil ya sauko ya rufe.

A kan dakin siminti irin namu, shawarata ita ce kada a kafa ƙarfe ko katakon bangon kai tsaye a ƙasan banɗaki. A fara zuba ɗan tudun kankare, tsayin santimita 10 zuwa 15, a kafa bangon a kansa, fuskar allo ta yi daidai da fuskar tudun. Ko ruwa ya kwanta a ƙasa ba zai taɓa ginshiƙai ba. Ƙasan kuma ya gangara zuwa magudana da rubu'in inci a kowace ƙafa, wato santimita 2 a kowace mita.

In tsohon salon Amurka aka bi, na shimfiɗa roba mai kauri a ƙarƙashin daɓen, to akwai sharuɗɗan da ba a wasa da su. Gangaren ya kasance a ƙarƙashin robar ma, ba a samanta kaɗai ba. Robar ta hau bango ta wuce tsayin dokin ƙofar shawa da kamar inci uku. Ƙananan ramukan tsiyaya da ke wuyan magudanar kada siminti ya toshe su. Sannan babu sukurun da zai huda robar a ƙasa da tsayin dokin, balle a kan dokin kansa. Na sha ganin an naɗe dokin ƙofa da allon siminti an bi shi da sukuru ta sama. Kowane ɗaya rami ne a cikin robar, a wurin da ruwa ke zuba kullum. Cika su da silikon ba ya ɗorewa. A cire allon, a liƙe ramukan da facin robar da gam ɗinta na musamman ko a sauya ta, a gina dokin da ragar waya da kwaɓin siminti.

Tare ruwa

Hanya biyu ce, kuma ɗaya ake zaɓa. Ko a rataya leda mai kauri a kan ginshiƙai kafin a kafa allo, gindinta ya sauka cikin kwamin, ko a rufe fuskar allon da abin tare ruwa bayan an gama mahaɗai. Wasu suna haɗa biyun suna ganin ƙarin tsaro ne, alhali danshin da ya sami shiga tsakani ba shi da hanyar fita. Ni ta biyun na fi so, domin allon kansa ma ba ya jiƙa, kuma ita ce ke ceton wanda ya riga ya kafa allo ya manta da leda, ba sai ya kwance komai ba. In kuwa akwai leda a baya kuma ana son shafa na gaba, a cire ledar ko a tsattsaga ta.

Na gaban akwai na shafawa kamar fenti, irin RedGard ko AquaDefense na Mapei, akwai na siminti mai haɗi biyu da ake kwaɓa gari da ruwansa, akwai kuma na shimfiɗawa irin Kerdi da ake mannawa da gam. Kowanne aka samu, a tabbatar an rubuta cewa tayil na kama shi. Baƙin kwalta da fentin mai ba sa cikin lissafi, gam ba ya riƙe su. A share ƙura, a bar gam ɗin mahaɗai ya bushe, a shafa hannu na farko ana cusa shi cikin ƙofofin allon, ya bushe, a shafa na biyu a gicciye. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsuke hannu don bokiti ɗaya ya isa. A jikin bokitin an rubuta faɗin da zai rufe, in ka gama kuma rabi ya rage, to shafin bai yi kauri ba. Haska tocila ta gefe ka nemi ƙananan huji irin na bakin allura, ka cike su. Kusurwoyi, da mahaɗar bango da ƙasa, da zagayen magudana, a ƙarfafa su da ƙyallen da ake sayarwa tare da abin tare ruwan. Shafin ya hau har sama da kan shawa. Alkuki kuwa a shafe shi ciki da baki, kuma gindinsa ya ɗan gangaro waje don kada ruwa ya kwana a ciki.

Kafin tayil ko ɗaya ya hau, a toshe magudana, a cika ƙasan da ruwa zuwa kusa da saman dokin ƙofa, a yi alama, a bar shi awa 24. In bene ne a sauka a duba silin ɗin ƙasa. Mai gida ya tsaya a yi wannan gwaji a gabansa, ko da mai aiki yana gaggawa.

Wajen mannawa, gam na gari mai siminti ake so, wanda aka ƙara wa sinadarin ƙarfi, ba wanda ke zuwa a kwaɓe cikin bokiti ba, domin shi danshi yana sake tausasa shi. A ja shi da cokali mai haƙora, layukan su bi hanya ɗaya, manyan tayil a shafa musu ta baya ma. Lokaci lokaci a ɗaga ɗaya a duba: a wurin ruwa ana son gam ya kama kashi 95 cikin 100 na bayansa. In a kan tsuran allo ake mannawa, musamman mai zaren itace, a fara goge shi da jiƙaƙƙen soso, in ba haka ba zai tsotse ruwan gam kafin ya kama. Da hunturu ko tsakiyar bazara a riƙa shafa kaɗan kaɗan, domin fuskar gam tana yin fata da wuri. Kusurwoyi da inda bango ya haɗu da ƙasa silikon ake sa musu, ba farin siminti ba, domin nan ne ginin ke ɗan motsawa.

In an riga an manna tayil

Alamomin matsala su ne layin da ke tsagewa a wuri ɗaya duk sanda aka cike shi, tayil mai ƙarar kwanko in an ƙwanƙwasa, farin gishiri da ke fitowa a layuka, da fentin da ke kumbura a bayan bangon ta cikin ɗaki. Kafin a fasa komai, a kashe famfunan gida duka a ga ko laimar na ƙaruwa ba tare da an yi wanka ba. In tana ƙaruwa, bututu ne ke yoyo, kuma ta bayan bangon ya fi sauƙin isa gare shi. A yanka ƴar taga a can, a haska, a tsikari katakon da sukudireba. In yana da tauri kuma matsalar tayil ɗaya ko biyu ce, a ƙwaƙule layin da ke zagaye da su, a fasa su daga tsakiya, a kankare gam a hankali, a sake shafa abin tare ruwa ya hau kan tsohon da aƙalla inci biyu, wanda sau da yawa yana nufin sai an cire maƙwabtan tayil ɗin ma. In kuwa sukudireba ta nutse cikin katako, ko ƙarfen ƙasa ya ci tsatsa, ko aka tarar babu leda a baya kuma babu shafi a gaba, faci ba zai yi ba. A sauke bangon zuwa ginshiƙai, a sauya waɗanda suka lalace, a bar wurin a buɗe ya bushe sarai kafin a kafa sabon allo.